Jar Motar Babanku da Sunan Bawa Maƙeri

Da sunan Allah na kama wannan babi, shi ne kuma wanda na fi daɗewa ina kewayewa. Na rubuta muku ƙuruciyata a Damana, na rubuta aurena da zuwana Filinge, ban tsaya jinkiri ba. Wannan kuwa sau uku ina fere fensir ina ajiyewa. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne maganar da ka yi, Musa, ranar da mutanen Sanam suka aiko neman auren ɗiyarka Ramatu ga jikan Bawa Maƙeri. Ina bayan danga ina tsintar wake na ji ka ce ba ka ba jikan ɓarawo ɗiya. Yarinyar ta shigo ɗakina ta kwanta ta juya fuska ga bango, kwana biyu tuwo bai wuce mata maƙogwaro ba. Ban ga laifinka ba, abin da ka tashi ka ji ana faɗi ke nan a gari. To ka saurara, kai da ƴan'uwanka. Bawa bai taɓa ɗaukar ko allurar gidan nan ba.

Sai na fara gaya muku wane ne babanku kafin motar, don ku tsoho kuka sani. Ya yi shekaru yana tuƙa kamyo, babbar motar soja, a hanyoyin arewa, ya dawo gida da ɗan fanshonsa da shirunsa. Ba ya duka, ba ya zagi, tukunyata ba ta taɓa kwana babu wuta ba saboda shi. Amma magana, sai ka ce da mudu ake auna masa ita. “Ta Damana, ruwa.” “Ta Damana, na tahi gona.” Haka yake kirana, da sunan garinmu, kuma in na haɗa abin da yake gaya mini a yini bai cika tafin hannu ba. Ni kuma an raine ni a kan cewa mace ba ta tambayar mijinta abin da ke ransa. Muka zauna kamar rumbu biyu a gida ɗaya, kowane da murfinsa. Ban ɗauke shi wahala ba, na zaci haka Allah ya yi shi, kamar yadda ya yi wani gajere.

Motar kuwa kowa a Filinge ya san ta. Wani babban mutum na zamanin farar hula ya shigo da ita, ƙirar Amirka, ja, mai ƙofa biyu kaɗai, hancinta ya fi wurin zaman mutane tsawo. Da sojoji suka karɓi mulki aka ƙwace ta aka jefar bayan bariki. Ta yi shekaru a nan, rairayi ya haɗiye ƙafafunta, rana ta cinye janta ya koma kamar jan tsohon zane, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Da aka sa gwanjon tsofaffin kayan gwamnati, babanku ya kai bijimin da yake kiwo kasuwar Lahadi, ya dawo da takarda mai hatimi. Bai shawarce ni ba, ban kuma sa ran ya yi ba. Bijimai huɗu na aro suka jawo ta, maza na turawa daga baya, aka sauke ta a gindin itacen bedin tsakar gida inda nake shimfiɗa tabarmata. Kakarku Inna Dije, uwar babanku, ta zagaya ta sau ɗaya da sandarta.

“Kai ɗan nan, mutane na sayen jaki mai rai, kai ka sawo mushen ƙarhe?”

“Ba ta mutu ba, Inna. Barci take yi.”

“To Allah shi sa ba kai za ta kwantar ba in ta tashi.”

Wanda zai tashe ta shi ne Bawa. Kaciyarsu ɗaya da babanku, tare suka yi kiwon awaki. Ɗan gidan maƙera ne na arnan Kurfai, ba ya salla, yana yanka jan zakara ga uwar maƙerarsa kowace shekara kamar yadda ya gada, amma ban taɓa jin wanda ya kama shi da ƙarya ba. Bayan ƙira ya koyi gyaran injin niƙa da famfon rijiya da kansa, da kunne da yatsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bakinsa ba ya hutawa. Ina da ƴaƴa huɗu a lokacin amma bai daina ce mini amarya ba.

“Amarya, hurar ga taki ruwa ta yi yawa. Ko geron abokina kike ɓoyewa ki kai Damana?”

“Maƙeri, wanke hannunka kahin ka taɓa mini ƙwarya.”

“Wanga baƙin ba shi hita. Da shi anka haihe ni.”

Ina son Bawa, ku riƙe wannan. Matarsa Hajo ƙawata ce, benci ɗaya muke zama a ajin yaƙi da jahilci, kuma duk sanda na haɗa turaren wuta irin na uwata, mai kajiji da farce, sai na ɗiba mata. Ba ƙiyayya ta kawo abin da ya faru ba.

Kwana na uku da fara aikin, ina daka, na ji wani namiji ya ƙyalƙyale da dariya a ƙarƙashin motar. Na tsaya da taɓarya a sama ina tunanin wane baƙo ne ya shigo ban ji sallamarsa ba. Babanku ne. Ya fito da kai, fuska duk baƙin mai, baki buɗe, a ranar na ga ashe haƙorinsa na gefe a karye yake. Shekara goma sha ɗaya ina gidansa ban sani ba. Na ci gaba da dakana, amma wani abu ya zauna mini a ƙahon zuciya tun daga ranar, bai kuma tashi ba.

Rani guda suka yi a gindin bedin nan. Suka sauke injin, mai baki takwas, suka baje hanjinsa a kan buhuna. Abin da ya karye Bawa ya ƙera, abin da ya yi tsatsa suka goge da rairayi da toka. Kuma suna magana. Duk abin da babanku ya gani a arewa, wanda bai taɓa buɗe mini ba, na ji shi guntu-guntu tsakanin saukar taɓarya da tashinta. Yadda kamyonsu ya mutu kwana huɗu a inda babu ko ƙaya. Abokinsa da ƙishirwa ta kashe ana hango bakin rijiya. Wata tsohuwar Buzuwa da ta ba shi nonon raƙumi ta ce ya yi kama da ɗanta. Nakan rage ƙarfin daka don in ji, in na kawo musu ruwa kuma sai maganar ta yanke, ya karɓi moɗa ya ce madalla, su jira in juya baya. Ba wai ɓoye mini suke yi ba. Bai dai taɓa zuwa masa a rai cewa ina so in ji ba. Wata rana ya zo ƙofar ɗakina, abin da ba ya yi da rana.

“Ta Damana, kina da man kaɗe?”

Na ba shi wanda nake tattali. Ina kallo ya zauna cikin motar yana shafa wa fatar kujerun, a hankali, da tafin hannu, yana bin kowace tsaga yana komawa, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki. Na dubi dugadugaina da suka yi kaushi har suna kama tabarma. Da mace mai hankali ce, da ta yi dariya ta wuce. Ni ban yi dariya ba, na shiga ɗaki na jera kwanonin da suke a jere.

Ni ma ina da abin da nake tayarwa daga barci a wannan lokacin, ba wanda ya lura. Rani uku ina zuwa aji bayan azahar, in ƴan lakwal, yaran boko, sun tashi sun bar mana bencinsu. Na fara ina riƙe alli kamar muciya, na kai ina karanta takardar likita da kaina. A ƙarshen wannan ranin aka tara mu aka ba waɗanda suka ci takardar shaida. Kwali ne mai kauri, da koren zane a gefe, da sunana a tsakiya da rubutun hannun mushe, malaminmu. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe wani abu da aka sa sunana a kai ba. Na sa ta cikin mayafi na taho gida ina taka ƙasa kamar ba ni ba.

Na ishe gidan a hargitse da murna, amma ba tawa ba. Abu ɗaya ya rage wa motar, wani ƙarfe da suke kira karbirata, mai baki huɗu kamar murhun gidan biki, shi ke haɗa wa injin mai da iska. Nata na asali ya tsage, maƙera kuma ba ta iya shi. Wata da watanni suna jiran wani direban babbar mota da ya yi alkawarin nemo shi a Ikko, a ranar ya iso. Suna juya shi a hannu suna wanke shi da fetur kamar jariri ranar suna. Kunya ta hana ni in ce ga abin da na samo. A gidanmu ba a koya mana yabon kai ba. Sai na kawo fura na ajiye a tabarmar babanku, na ɗora takardar a gefen ƙwaryar inda dole idonsa ya faɗa, na koma madafa ina jira ya kira ni.

Bai kira ba. Abin da na ji shi ne ƙwanƙwasar ƙaramar guduma, a hankali, a hankali. Da na leƙo, Bawa ya kifa takardata a kan gindin ƙarfen yana bin bakunan da guduma, kwalin yana yankewa daidai da su. Haka suke yin abin da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya yoyo. Ƙofa huɗu ya huda mata, ya yanke gefunan. Daga shi har babanku ba mai karatu. Kwali mai kyau suka gani a kan tabarma.

“Amarya, ina kinka samo wanga? In da saura ki ƙaro muna, irin shi muka nema tun jiya.”

Babanku ya ɗaga shi ga rana ya ce, “Kamar don shi anka yi.”

Na durƙusa na tsince guntayen da suka zuba a ƙasa, huɗu masu kewaye kamar ƙosai da dogaye na gefe. Na ce, “Babu saura.” Na ɗaure su a bakin zanena. Ba su ga komai a fuskata ba, don an daɗe ana yabona da haka.

Kashegari da asuba ruwan farko ya sauka, ruwan shuka. Kun san yadda gari yake a irin wannan rana, ko mai jego tana so ta fita. Suka naɗe ƙarfen a tsumma suka ajiye a kujerar motar, sai an gama shuka a ɗaura. Da hantsi na dawo daga gona ni kaɗai don in dama fura. Gida ba kowa, sai kaji. Ban tsaya shawara da kaina ba. Na buɗe ƙofar motar, na ɗauko shi, ya fi yadda na zata nauyi, na kai shi ɗakina na sa a cikin babbar kwallar da ke ƙasan jerena, na mayar da sauran kwanoni a kai. Ku maza ba ku san abin da wannan ke nufi ba sai na faɗa. A ƙasarmu namiji ba ya buɗe jeren matarsa. Ko gida na cin wuta, ko alƙali ya aiko, hannunsa ba ya taɓa murfin kwallarta, kamar yadda ni ban taɓa leƙa rumbunsa ba. Babu wurin da ya fi nan nisa da babanku a duk faɗin Kurfai, ga shi taku goma daga inda yake zama. Warin fetur ne kaɗai ya dame ni. Na naɗe ƙarfen a tsohon zane, na yi ta turara ɗakin safe da yamma, har na kifa kwallar a kan kaskon turaren.

Abin da na ce wa kaina shi ne, aikin ya tsaya zuwa kaka, su ji yadda ake jira, in ya so in mayar. Wataƙila kuma in babu abin yi a gindin bedi, ya zo ya zauna inda nake. Ban yi tunanin Bawa ba ko sau ɗaya. Da na yi niyyar cutar da shi, da na san abin da zan tuba a kai tun da wuri. Mantawa na yi da shi gaba ɗaya.

Da aka gama shuka aka nemi ƙarfe aka rasa. Aka kwashe kujerun motar, aka tone rairayin gindin bedi, aka leƙa rijiya. Ni ma na taya nema, Allah ya gafarta mini. Kafin kwana uku gari ya yanke hukuncinsa. Wa ya san darajar abin in ba Bawa ba? Wa ke shiga gidan ba sallama? Wa ke zuwa kasuwanni da tarkacen ƙarfe a buhu? Ba wanda ya kawo mace a ransa, an ce mace ba ta bambanta shi da murhu. Babanku ya ce ba Bawa ba ne, ya faɗa sau biyu a gaban mutane, amma dariyar ta ɗauke. Bawa ya ci gaba da zuwa, su zauna ba abin taɓawa, maganar ta yi ta mutuwa a tsakaninsu. Wasu suka ce a kai wa jandarma, babanku ya ƙi, don a zamanin soja wanda aka kai can da sunan sata ba ya dawowa yadda ya tafi. Inna Dije ce ta kawo tata hanyar. Ita ƴar bori ce tun tana budurwa, sallar da ta kama da tsufa ba ta raba ta da su ba.

“Tunda ba a kai ma na ƙasa, a bar ma na sama.”

Bawa na wurin, shi ya fara amsawa. “A kira zima, Inna. In ni na, aradu ta raba ni biyu gaban ɗiyana.”

Aka kira zima, babban masu bori na wannan yanki. Ya zo da gatarin aradu ya kafa a ƙofar gidanmu, ya ce an ba mai abu kwana bakwai. Ran na takwas za a kaɗa goge a kira tsawa ta sauka a kan ɗakin da ƙarfen ke kwana, ko na wane ne. Inna Dije ta ɗora hannu a kan gatarin ta rantse, wanda aka kama, in na gidan nan ne, ba ya ƙara kwana a cikinsa.

Ina salla biyar, na kuma san abin da malamai suka ce game da waɗannan abubuwa. Amma ni ɗiyar Damana ce, ina yarinya na ga bukkar da aradu ta faɗa wa, na ga abin da aka fitar daga ciki. Kullum da la'asar hadari yana haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin. Kai Musa kana da shekara huɗu, tabarmarka tana jikin jeren, kanka yana taɓa wannan kwallar in ka mirgina. Na so in fitar da ƙarfen in jefar a daji, amma tun da aka kafa gatarin Inna Dije ta dasa kujerarta a ƙofar gida, ba mai fita da ko ƙwarya ba ta leƙa ba. Kwana biyar na yi ina ci ba na jin ɗanɗano.

Ran na shida na kai wa babanku fura gona tun rana ba ta yi zafi ba. Yana noman fari da hauyar tsaye, shi kaɗai.

“Ta Damana, yau kin yi sammako.”

“Ƙarhen na ɗakina.”

Bai tsaya ba. Ya tura hauyarsa har ƙarshen layin, ya juyo ya nome na kusa da shi har ya iso inda nake. Sannan ya jingina ta a kafaɗa.

“Don mi?”

Na kwance bakin zanena na zuba masa guntayen kwalin a hannu. Na ce, “Takardata ta makaranta ce. Sunana na bisa.”

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya kifa, bai san ina ne samansa ba.

“Mi ya hana ki hwaɗi?”

“Kai mi ya hana ka tambaya?”

A duk zamanmu wannan ne kaɗai karon da na mayar masa da magana. Ya zauna a kan kunyar gona, ni ma na zauna, ba mu taɓa zama kusa haka da rana tsaka ba. Can ya ce, “In Inna ta ji, ba ki kwana gidan ga. Ta yi rantsuwa, ba ta iya tashe ta ko tana so.” Na ce na sani. Ya ce, “Yara huɗu.” Na ce na sani. Ya ce in sa shi cikin kwandon shara in zubar a gindin danga ta ciki, sauran nasa ne.

Akwai kalma biyu da suka rage a faɗa a gonar nan: Bawa fa? Ina jira ya faɗa, na kuma tabbata shi ma yana jira in faɗa. Ya sha furarsa, na ɗauki ƙwaryata na dawo.

Da safe babanku ya kira mutane ya nuna musu ƙunshi a gindin danga, ya ce da alama jefo shi aka yi daga waje. Zima ya zo ya cire gatarinsa. Kafin azahar magana ta gama gari: maƙeri ya ji tsoron tsawa ya mayar da kayan mutane. Ƙaryar da ta rufe ni ita ta ɗaure shi, don da ƙarfen bai fito ba, da ran na takwas ya wuce Bawa na tsaye da ƙafafunsa, kowa ya ga aradu ba ta san shi ba.

Duk da haka ya zo da la'asar da jakar kayan aikinsa. Ina ƙofar madafa ina kallo. Ya tsuguna ya kwance tsumman, ya ɗauki ƙarfen zai hura bakinsa, sai ya tsaya. Ya sake kai shi kusa da hanci. Bai dube ni ba. Babanku ya duba, babanku kuwa yana duban ƙasa. Bawa ya shimfiɗa kwalin da ya huda, ya ɗora ƙarfen, ya ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ce uffan ba, shi da bakinsa ba ya hutawa. Da aka murza makulli motar ta yi tari sau biyu, sannan ta yi wani ruri da na ji shi a cikin haƙarƙarina. Jakin maƙwabta ya tsinke igiya, tantabaru suka watse daga bedi, unguwa ta cika gidan. Babanku ya buɗe masa ƙofa ya ce ya shiga su zagaya gari. Bawa ya ce cikinsa ba ya son gudu. Ana ta hayaniya a bayan motar, ya ɗauko ƙwaryar furar da na ba shi ya kawo mini har madafa.

“Amarya.”

“Na'am, Maƙeri.”

“Turaren ga naki, ko fetur bai iya mishi.”

Na riƙe bakin ƙwaryar, shi ma bai saki ba.

“Hajo ta nuna mini tata takardar, mai kore ga gehe. Sannan na gane abin da na huda. Ban sani ba, amarya. Ki gahwarce ni.”

Ya saki ƙwaryar ya tafi. Shi ya roƙe ni gafara, ni kuma bakina bai buɗe ba.

Bai gaya wa kowa ba, ko Hajo, don ta ci gaba da gaishe ni da fuska ɗaya har suka tashi. A wannan damina mutane suka daina kai masa hauya. Wanda ya kai ma sai ya tsaya a kansa har a gama. Ƴaƴansa suka daina zuwa dandali saboda waƙar da aka yi musu. Da aka ɗaure gero ya kwashe maƙerar da ubansa da kakansa suka yi aiki a ciki, ya nufi Sanam. Babanku ya je da motar ya ce zai kai su, Bawa ya ce jakuna sun isa.

Motar ta yi kamar shekara biyu tana tafiya. Tana shan mai kamar rairayi, ba a fitar da ita sai da dalili. Sau ɗaya na shige ta, ya kai ni Damana gaisuwar mutuwa, ina kujerar gaba a kan fatar da ta sha man kaɗena. Mutanen garinmu suka fito suna kallo, ƙannena mata suna cewa na more miji. Zuwa da dawowa ba mu yi magana goma ba. Da ta sake lalacewa babu mai gyara, ta koma gindin bedi, ita ce kuka tashi kuna wasan direba a ciki. Bayan sojoji sun sauka an shiga zamanin jam'iyyu, wani mai kuɗi daga Yamai ya zo har sau biyu yana so ya saya, babanku ya ce ba ta sayarwa ba ce. Abin da na nema kuwa na samu. Kowace la'asar yakan jawo tabarma ya zauna kusa da inda nake aiki. Ya sa na koya masa rubuta sunansa. Amma dariyar nan ban ƙara jin ta ba, labaran arewa kuma inda suka tsaya a ƙarƙashin motar nan suka tsaya, har yau ban san yadda aka yi suka fita daga wurin da babu ko ƙaya ba. Ranar da aka aiko Bawa ya mutu, babanku ya shiga motar ya rufe ƙofa tun hantsi, bai fito ba sai da aka kira la'asar.

Za ku ce, da Inna Dije ta rasu mai ya hana in faɗa? Da babanku ya rasu fa? Ba abin da ya hana sai ni. Na saba da a ce uwar su Musa mai haƙuri ce, a kawo mini amare in yi musu faɗa, a sa wa jikoki sunana. Na ji daɗin wannan suna, na bar wani mutum ya shiga kabari da wanda ba nasa ba, ƴaƴansa suka gada, yanzu ga shi ya iso kan jikansa da jikata. In akwai jinin ɓarawo a cikin wannan aure, Musa, ta wajenmu yake, su ne kuma ke da ikon su ce ba su so.

Ban rubuta wannan don a sa a akwati a buɗe bayan raina ba. Na riga na aika wa babban ɗan Bawa cewa ranar kasuwar Sanam mai zuwa ina tafe, ya tara ƙannensa da duk wani tsoho da ya san ubansu, a ƙofar maƙera, ba cikin ɗaki ba. Da bakina zan karanta musu, tun daga bisimilla har nan. Idona ya yi rauni, zan yi ta tsayawa, sai su yi haƙuri da ni. Abin da suka ga dama su ce mini bayan nan, nasu ne. Ramatu ta ce za ta riƙe mini hannu a hanya. Musa, ina so kai ka kai mu, ka tsaya a inda za ka ji. In ka ga ba za ka iya ba, ban riƙe ka ba, motar kasuwa tana tashi da hantsi.